Batir, sola ko otomatik: agogon hannu na farko da zai jure alwala da ƙurar hunturu

Mai neman agogon kirki na farko yakan fara da suna: Seiko ne ko Rado, Casio ko Tissot. Amma sunan da ke fuska shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba. Agogon da za a ɗaura kullum, a shiga kasuwa da shi, a hau babur, a yi alwala sau biyar a yini, abin da ke sa ya daɗe ko ya mutu da wuri shi ne injin da ke cikinsa, da yadda aka toshe shi daga ruwa da ƙura, da irin gilashinsa, da yadda ya zauna a tsintsiyar hannu. Agogo mai tsada da aka saya ba tare da duba waɗannan ba, cikin shekara ɗaya zai koma aljihun tebur.

Inji iri uku

Na farko shi ne agogon batir, wanda ake rubuta wa Quartz a fuska. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanin dutse da wutar batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a kowane sakan, sai wani ɗan da'irar lantarki ya ƙirga karkarwar ya tura allurar sakan taki ɗaya. Seiko ne ya fara fitar da irinsa kasuwa, mai suna Astron, a ƙarshen 1969. Mai kyau a cikinsu ba ya kuskuren da ya wuce sakan 15 zuwa 20 a wata, wato kimanin minti uku ko huɗu a shekara. Batirinsa yakan yi shekara biyu zuwa uku.

Matsalarsa ba a injin take ba, a canjin batir take. Duk lokacin da aka buɗe bayan agogo, ana taɓa siririn zoben roba da ke hana ruwa shiga. In aka mayar da shi a karkace, ko ya bushe ba a shafa masa man silikon ba, ko ƙura ta maƙale a kansa, agogon ya daina tare ruwa ko da an rubuta masa mita 100. Na'urar gwada matsin ruwa kuwa ba kowane mai gyara ke da ita ba. Sai kuma batirin kansa. Akwai mai lamba da ta fara da SR, kamar SR626SW da ake kira 377, da kuma mai fara da LR wanda girmansu ɗaya amma ya fi araha. Na LR ƙarfinsa yana raguwa a hankali, kuma ya fi saurin zubar da ruwan gishiri a cikin inji. A nemi na SR, a tsaya a ga an ciro shi daga kwalinsa. Batirin da ya mutu kuma kada a bar shi a ciki watanni, shi ne ke cinye ƙarfen da ya taɓa.

Na biyu shi ne na sola. Shi ma injin batir ne, daidaitonsa iri ɗaya, sai dai a ƙarƙashin fuskarsa akwai faifan da ke mayar da haske wuta, ya cika wani ɗan batir mai caji. Citizen na kiran nasa Eco-Drive, Casio na kiran nasa Tough Solar, Seiko kuwa Solar kawai yake rubutawa. In ya cika, galibin na Citizen mai allura uku sukan yi wata shida a duhu ba su tsaya ba, injinan Seiko irin V147 da V157 kuma wata goma. Batirin mai cajin sau da yawa yakan wuce shekara 10 kafin ya gaji. Ma'anar wannan ita ce shekara goma ba wanda ya buɗe bayan agogon, robar tana nan yadda kamfani ya zaunar da ita. A ƙasar da rana ba ta yankewa, masu gyara da kayan gwaji kuma ba su da yawa, wannan ita ce babbar hujjar da ta sa muke fifita sola a kan sauran.

Yana da nasa sharuɗɗan. Hannun kaftani ko na babbar riga yana rufe fuskar agogo yini guda, don haka mai saka dogon hannu kullum ya riƙa ajiye shi a bakin taga yini ɗaya a wata. Mintuna kaɗan na hasken rana sun isa aikin yini ɗaya, amma cika shi daga ƙasa yakan ci awa goma ko fiye na rana, hasken ƙwan ɗaki kuwa ba ya cika shi sai an yi kwanaki masu yawa. Idan ka ga allurar sakan tana tsalle biyu-biyu, ba lalacewa ya yi ba, yana sanar da kai wuta ta yi ƙasa ne. Kada a yi masa caji a gaban mota a kulle ko a kan kwano da tsakar rana: zafin da ya haura digiri 60 yana lanƙwasa faifan fuska ya raunana batirin. Abu mafi haɗari shi ne a sa masa batir na yau da kullum in nasa ya gaji. Faifan zai ci gaba da tura masa wuta, shi kuma ba a yi shi don karɓar caji ba, sai ya kumbura ko ya fashe. Kowane inji yana da lambar nasa, misali G-Shock GW-M5610 yana amfani da CTL1616.

Na uku shi ne otomatik, wanda babu batir a cikinsa ko kaɗan. Wani faifan ƙarfe mai siffar rabin da'ira yana juyawa da motsin hannu, ya nannaɗe babban sifirin, sifirin ɗin ya riƙa sakin ƙarfinsa ta cikin haƙoran wili-wili zuwa wani ƙaramin wili mai kai da komo sau shida ko takwas a sakan. Shi ya sa allurar sakan ɗinsa take tafiya sumul maimakon tsalle. Aikin hannu ne mai ban sha'awa, kuma in ana kula da shi yana iya wuce mai shi ya kai ga jikoki. Amma ya kamata mai saye ya ji gaskiyar lissafin tun kafin ya biya kuɗi.

Injin 4R36 da ke cikin Seiko 5 Sports, abin da kamfanin ya yi alkawari shi ne tsakanin gudun sakan 45 da jinkirin sakan 35 a yini. A aikace yawancinsu sun fi haka kyau, sukan tsaya wajen sakan 10 zuwa 20. Ko a sakan 15 a yini, a wata an tara minti bakwai da rabi, don haka sai an gyara lokaci kowane mako ko biyu. Ko agogon Switzerland mai takardar shaidar COSC, hukumar da ke gwada daidaiton agogo a can, wanda aka gwada kwana 15 a yanayi biyar na kwanciya da zafi iri uku, iyakarsa jinkirin sakan 4 zuwa gudun sakan 6 ne a yini. Casio F-91W, wanda ke kasuwa tun 1989 a kan kuɗi kaɗan, ya fi shi riƙe lokaci. Wanda ya sayi otomatik don ya fi daidai, an ruɗe shi. Ana sayensa ne don son aikin da ke ciki.

Sannan yana tsayawa. 4R36 yana riƙe ƙarfin kusan awa 41, ke nan in ka cire shi daren Juma'a ka ajiye, kafin safiyar Litinin ya tsaya. Mai aikin zama a ofis wanda hannunsa ba ya motsi sosai yana iya ganin agogonsa na tsayawa da asuba ko da yana ɗaura shi kullum, domin sifirin bai taɓa cika ba. Maganinsa a yi masa wani da hannu, wato a juya maɓallin gefe don nannaɗe sifirin, juyi 20 zuwa 30, kafin a ɗaura. A nan akwai bambanci da tsofaffin Seiko 5 masu injin 7S26, waɗanda har yanzu suna cike da kasuwa: su ba a yi musu wani da hannu, sai dai a girgiza, kuma allurar sakan ba ta tsayawa in an ja maɓallin gefe, don haka ba a iya saita su daidai da sakan. Inji ne mai juriya ƙwarai, amma in farashin ya yi kusa, a ɗauki mai 4R36.

Abubuwa uku ke lalata otomatik a hannun sabon shiga. Na ɗaya, canza kwanan wata da maɓalli tsakanin ƙarfe tara na dare da uku na asuba. A wannan lokacin haƙoran da ke juya kwanan sun riga sun kama faifan, tilasta shi yana iya karya haƙori. Ƙa'idar ita ce a fara kai allurai ƙarfe shida da rabi, a saita kwanan zuwa na jiya, sannan a juya allurai gaba har kwanan ya faɗa na yau, daga nan a san an shiga safiya, a ci gaba zuwa lokacin da ake ciki. Na biyu, maganaɗisu. Lasifikar rediyo, murfin jaka mai mannewa, bayan wasu wayoyi, ƙofar firiji, duk suna iya sa siririn sifirin ɗin da ke daidaita bugu ya manne da kansa. Alamarsa agogo ya fara gudun mintuna a yini kwatsam. A kusantar da shi ga kamfas, in allurar kamfas ta kauce to ya kamu, kuma cire shi aikin sakan kaɗan ne da na'urar cire maganaɗisu, ba sai an buɗe shi ba. Na uku, faɗuwa a kan siminti. Akwai 'yan sifirin masu kare ƙusar wilin bugu daga girgiza, amma an yi su ne don bugu na yau da kullum. Mai aikin kanikanci, birkila, mai sara da gatari, ko wanda ke wuni a kan babur a hanya mai gargada, otomatik ba nasa ba ne na aiki.

Akwai kuma sabis. Man da ke cikin inji yana bushewa, kamfanoni da yawa sukan ce a wanke a sake mai duk shekara uku zuwa biyar. A nan injinan Japan suka yi zarra. Seiko yana sayar wa wasu kamfanoni takwaran 4R36 da sunan NH36, ana samunsa sabo a kan kuɗi kaɗan, har sau da yawa canza injin gaba ɗaya ya fi wanke shi araha. Haka ma Miyota 8215 na gidan Citizen. Injin Switzerland kuwa kayansa sun fi tsada da wuyar samu.

Ruwa, wanda shi ne ke kashe yawancinsu

Lambar da ke bayan agogo ba zurfin da za a shiga da shi ba ce, matsin da ya jure ne a ɗakin gwaji yana sabo, ruwan kuma a tsaye. Mai 30M ko 3 BAR, ko wanda aka rubuta wa Water Resistant kawai babu lamba, yayyafi da fantsama kaɗai yake ɗauka. Mai 50M yana jure wanke hannu da ruwan sama. Daga 100M ne ake iya sakin jiki, a yi alwala a yi iyo. Mai 200M da aka rubuta wa Diver's shi ne ya bi ƙa'idar ISO 6425 ta masu nutso.

Ga mai yin alwala sau biyar a yini, mita 100 ita ce mafi ƙarancin abin da za mu ba da shawara. Dalili shi ne roba tana tsufa. Zafin bazara na Sakkwato ko Damagaram, bushewar hunturu, sabulu, turare da zufa duk suna sa ta taurare ta tsage. Agogon da ya fara da 100M, bayan shekara huɗu yana da sauran ƙarfi. Wanda ya fara da 30M ba shi da abin da zai rage. Wannan ne ya sa Orient Bambino, duk da kyansa da kaftani, ba ma sa shi a sahun agogon kullum: 30M ne. Na zuwa ɗaurin aure ne da sallar Idi.

Inda ruwa ya fi shiga shi ne ta maɓallin gefe da ake wani da saiti. Iri biyu ne: wanda ake turawa kawai, da wanda ake murɗawa ya kulle kamar noti. Mai murɗawa ya fi tsaro, domin hannun riga ba zai ja shi ya buɗe ba tare da an sani ba. Sai dai yana son hankali. A tura shi a hankali, a ɗan juya baya har a ji zaren ya faɗa gurbinsa, sannan a murɗa gaba ba da ƙarfi ba. In aka tilasta shi a karkace zaren ya cinye, gyaran ya zama na canza bututun gaba ɗaya. Kada a ja maɓalli ko a danna madannai agogo yana jiƙe. Ruwan zafi na wanka ma a guje shi ko da mai 200M ne. Idan aka ga raɓa a cikin gilashi wadda ba ta ɓace ba, a kai shi a buɗe a busar a ranar. Ajiye shi cikin shinkafa ko a rana ba ya fitar da ruwan, tsatsa kuwa cikin 'yan kwanaki take kama inji.

Gilashi da jiki

Gilashin agogo uku ne: na roba, na minaral, da safaya. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa goma, na minaral yana wajen 5 zuwa 6, safaya tana 9. Yashi kuwa, wanda yawancinsa dutsen ma'adini ne mai tauri 7, ya fi minaral ƙarfi. Ke nan ƙurar hunturu da ta kwanta a fuskar agogo, in aka goge ta da bakin riga a bushe, ita ce ke barin siraran zane har gilashin ya dushe. Safaya ba ta jin wannan. Rauninta shi ne bugu mai ƙarfi a gefe yana iya tsaga ta, kuma canza ta ya fi tsada. Hardlex da Seiko ke sa wa Seiko 5 minaral ne da aka ƙara wa tauri, yana karcewa. Duk wanda kuɗinsa ya kai, ya nemi safaya. Wanda bai kai ba, ya riƙa ɗauraye ƙura da ruwa kafin ya goge.

A jiki kuma a karanta rubutun baya da kyau. In an rubuta Stainless Steel Back, murfin baya ne kaɗai ƙarfen da ba ya tsatsa, sauran jikin wani ƙarfe ne mai araha da aka yi wa fenti. Zufa tana cinye shi, ya yi ramuka, ya bar kore a fata, wasu ma ya sa musu ƙaiƙayi. Abin nema shi ne All Stainless Steel, wanda galibi nau'in 316L ne. Titaniyam ya fi shi sauƙi da kusan kashi 40 cikin ɗari kuma ba ya damun fata. Launin zinariya da ake shafawa yana gogewa a gefuna da wurin maƙulli bayan 'yan shekaru, ba a kuma iya mayar da shi da goge-goge. Ga maza akwai kuma batun hukuncin sanya zinariya, wanda farin ƙarfe ya raba mutum da shi gaba ɗaya.

Madauri da girma

Madaurin fata ba ya shiri da alwala da zufa. Yana shan ruwa, ya yi wari, ya tsage a ramin da ake sawa kullum, sau da yawa kafin shekara. Sarƙar ƙarfe ta fi dacewa: ana buɗe maƙullinta a matsar da agogon ruwa ya taɓa fata ba tare da an cire shi an ɗora a bakin famfo ba, inda agogo da yawa ke faɗuwa ko a manta da su. A duba ko 'ya'yan sarƙar ƙarfe ne dunƙulalle ko naɗaɗɗen falle. Naɗaɗɗe yana ƙara, yana cizon gashi, yana saki da wuri. Maƙullin ya kasance da ƙananan ramuka uku ko huɗu na gyara, domin hannu yana kumbura da zafi ya koma da sanyi. A bar sararin da ɗan yatsa ƙarami zai shiga. Duk wata a wanke sarƙa da tsohon buroshin haƙori da ɗan sabulu, saboda ƙura da zufa da ke shiga tsakanin 'ya'yanta su ne ke cinye ƙusoshin. Madaurin roba mai kyau ko na zaren nailan su ma suna jure ruwa.

A tambayi faɗin wurin da madauri ke shiga. Milimita 18, 20 da 22 ana samunsu ko'ina. Mai 19 ko 21 sai an nema. Tissot PRX da Citizen Tsuyosa kuwa sarƙarsu haɗe take da jiki, ba kowane madauri ke shiga ba.

Girma kuma a auna, kada a ƙiyasta. A zagaya tsintsiyar hannu da zare a ɗora a kan rula. Hannu mai santimita 15 zuwa 17 yana son agogo mai faɗin milimita 36 zuwa 40, wanda ya haura 18 yana ɗaukar 40 zuwa 43. Abin da ya fi faɗin muhimmanci shi ne tsawon daga ƙahon sama zuwa na ƙasa, wato inda madauri ke maƙalewa, kada ya zarce faɗin hannu. Kauri ma abin dubawa ne: wanda ya wuce milimita 12 ko 13 yana maƙalewa a hannun kaftani mai maɓalli. Sai a rufe shi a tafin hannu a ga ko alluransa na haske a duhu, domin da an ɗauke wuta za a san amfanin wannan.

Agogo da agogo

A ƙasa da dala 200, Casio ne ke riƙe da fili. G-Shock mai kusurwa huɗu, wanda asalinsa DW-5000C ne na 1983, yana da 200M, yana jure faɗuwa, yana da ƙararrawa da fitila. DW-5600 na batir ne, GW-M5610 na sola. Abu ɗaya da ya kamata a sani: GW-M5610 yana saita kansa da siginar rediyo daga tashoshi shida da ke Japan, Sin, Amurka, Ingila da Jamus, kuma siginar ba ta isowa Afirka ta Yamma. A nan zai yi aiki ne a matsayin agogon sola mai saitin hannu, kada a biya ƙari don rediyon. Robar jikinsa kuma tana rugurgujewa bayan shekaru masu yawa, amma ana canza ta. Mai son allura ya duba Casio MDV-106: 200M, maɓalli mai murɗawa, sai dai faɗinsa milimita 44 ne, ya yi wa siririn hannu yawa. Citizen BM8180 na sola ne, milimita 37, 100M, gilashin minaral. Ƙarami ne mai sauƙin karantawa, abin da za a canza masa kawai shi ne madaurin tamfol da yake zuwa da shi in ya tsufa.

Tsakanin dala 200 da 500 ne ake samun ainihin gasar. Seiko 5, sunan da ke kasuwa tun 1963, an sabunta shi a 2019 da injin 4R36, 100M, Hardlex, maɓallin turawa, faɗin 42.5, daga baya aka fito da masu 40. Waɗanda ake kawowa daga Saudiyya ko Dubai sukan zo da ranakun mako da Larabci. Orient Kamasu, wanda kuɗinsa bai yi nisa da shi ba, ya ba da safaya, 200M da maɓalli mai murɗawa, da injin F6922 na gidan Orient mai riƙe kusan awa 40. A takarda Kamasu ya fi, kuma a ƙura da ruwa ma ya fi. Inda Seiko 5 ya rinjaye shi shi ne kowane mai gyara ya san cikinsa, kayansa kuma suna ko'ina. Citizen Tsuyosa yana da safaya da kyan gani, amma 50M ne, don haka yana bayansu a aikin kullum. A wannan matakin, wanda ya haɗa duk abin da muke nema shi ne na sola mai safaya: Seiko SNE573 da 'yan uwansa, faɗin 38.5, 200M, wata goma a duhu, ko kuma Eco-Drive na titaniyam mai safaya da 100M. Wanda ya ce mu zaɓar masa ɗaya ya ɗaura ya manta, a nan za mu tsaya.

Daga dala 600 zuwa sama ake shiga na Switzerland. Tissot PRX Powermatic 80 yana da safaya, 100M, faɗin 40 ko 35, yana riƙe awa 80, sifirin ɗinsa na gaurayen ƙarfe mai suna Nivachron kuma ba ya saurin kamuwa da maganaɗisu. Ƙarewar aikinsa ta fi ta waɗanda muka ambata, ana gani a gefuna da sarƙa. Amma injinsa ba shi da sandar saita gudu irin wadda masu gyara suka saba da ita, sabis ɗinsa na cibiyar kamfani ne. Kafin a saya, a san inda za a kai shi. Hamilton Khaki Field Mechanical, milimita 38, shi ma awa 80, na wani da hannu ne kuma 50M. Rubutun Swiss Made kansa, a dokar da ta fara aiki a 2017, yana nufin aƙalla kashi 60 cikin ɗari na kuɗin ƙera agogon an kashe shi a Switzerland. Shaidar asali ce, ba alkawarin cewa zai fi na Japan riƙe lokaci ba. A ganinmu waɗannan sun fi dacewa da zama agogo na biyu.

Rado yana da tsohon matsayi a wurin iyayenmu, da dalili: DiaStar na 1962 an yi jikinsa da wani ƙarfe mai tauri da ba ya karcewa. Sai dai taurin nan yana sa ya ɓalle ko ya tsage in ya faɗi, tsofaffinsa ba a amince musu da ruwa, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. Agogon gidajen tufafi irin su Michael Kors, Emporio Armani da Diesel, waɗanda kamfanin Fossil ke ƙerawa da lasisi, yawancin kuɗinsu na suna ne, injin ciki na batir ne na gama-gari. Agogon zamani mai haɗuwa da waya kuwa wani abu ne daban, yana son caji kusan kullum, batirinsa kuma 'yan shekaru yake yi.

A wurin saye

Araha ba ta ado. Seiko 5 sabo a kan kashi ɗaya cikin huɗu na farashinsa ba Seiko ba ne. A bayan Seiko na gaske akwai lamba mai kashi biyu, huɗun farko na inji ne, misali 4R36, sauran na jiki, sai lambar siriyal mai shida. Lambar injin tana nan kuma da ƙananan haruffa a ƙasan fuska, dole su dace, in baya gilashi ne a ga ita ce a kan injin kansa. A Casio akwai lambar inji a cikin ɗan akwati a baya, a nemi littafin wannan lambar a shafin kamfanin a ga ko madannai na yin abin da littafin ya ce. F-91W na gaske, in aka danne madannin dama na sakan uku, yana nuna CA510 a allo. A yi hattara da tsofaffin Seiko, Citizen da Oris masu fuskoki kala-kala masu sheƙi a farashi ƙasa: da yawansu haɗe-haɗen tsofaffin kaya ne da aka sake wa fenti a Indiya.

Kafin a biya, a ja maɓalli a juya allurai cikakken zagaye biyu, a ga kwanan wata ya canza a kusa da sha biyun dare sau ɗaya. A duba allurar awa ta tsaya daidai kan lamba lokacin da ta minti ke kan sha biyu. A karkata gilashi a haske don ganin ƙura ko gashi a ciki. A duba murfin baya ko akwai alamar an taɓa buɗe shi. Katin garanti ya kasance da hatimin dila, kwanan wata da lambar siriyal ɗin agogon, tare da rasit. Tissot, alal misali, yana ba da garantin shekara biyu na ƙasa da ƙasa, amma kati marar hatimi ba ya aiki. 'Ya'yan sarƙa da aka cire a karɓa a adana.

A makon farko a saita shi daidai da agogon waya, a rubuta bambancin kowace safiya har kwana bakwai. Na batir da na sola kada su kauce fiye da sakan huɗu ko biyar a makon. Otomatik kuwa a duba ko kuskurensa iri ɗaya ne kullum: wanda ke gudun sakan 20 kowace rana lafiyarsa ƙalau, mai gyara zai iya rage shi da ɗan taɓa sandar saiti. Wanda yau ya yi gudu gobe ya yi jinkiri da yawa, ko ya tsaya kafin awa 30 bayan an cika masa wani, a mayar da shi tun garanti bai ƙare ba.